Kafin ka ce wa yaro "ƙara ƙarfi": yadda ake karanta motsin jiki a filin wasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin firamare bayan la'asar ya san wannan ihun, "kai buga da ƙarfi mana!" Yaro ya cije leɓe ya zuba wa ƙwallo ƙafa iya ƙarfinsa, ta tashi sama ta wuce raga ta faɗa gidan maƙwabta, ko kuma ta mirgina a ƙasa gola ya ɗauka da hannu ɗaya, koci ya sake ihu. Ni ma na yi wannan ihun shekara da shekaru ina koyar da yara, sai daga baya na gane yawancinsu ba ƙarfi suka rasa ba, inda suke ajiye ƙafa da yadda gaɓoɓinsu ke bin juna shi ne matsalar, kuma abu ne da ido ke gani in dai ka san inda za ka duba.

Ilimin da ke bayanin wannan shi ake kira bayomakaniks, wato a ɗauki dokokin ƙarfi da motsi a ɗora su kan jikin mutum. Ba sabon abu ba ne, tun 1680 aka buga littafin wani ɗan Italiya mai suna Borelli da ya auna yadda ƙashi da tsoka ke aiki tare kamar na'ura, a 1687 kuma Newton ya fitar da dokokin motsi guda uku da ake karantawa a sakandare. Toh amma ni ba lissafi zan kawo maka ba, abin da za ka yi gobe da yamma a fili shi nake so mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: gyara inda kake tsayawa

Yawancinmu a bayan yaro muke tsayawa muna kallon inda ƙwallo ta tafi. Ƙwallo sakamako ce kawai, aikin an riga an gama shi a jiki. Koma gefensa, kamar taku shida zuwa takwas, yadda za ka ga shi tun daga kai har tafin ƙafa. In kana da waya ɗora ta kan kujera ko bulo daidai tsayin ƙugunsa, kar ka riƙe a hannu kana bin sa da ita. Waya ta yau da kullum tana ɗaukar hoto 30 a sakan ɗaya, wasu kuma suna da tsarin rage gudu mai ɗaukar 120 ko 240, in taka tana da shi kunna, saboda ƙafa da ƙwallo haɗuwarsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, babu idon da zai kama wannan. Ɗauka sau uku daga gefe, sau uku daga gaba. Sannan in za ka kalla, fara daga ƙasa ka hau sama: tafin ƙafa, gwiwa, ƙugu, ƙirji, hannu, kai. Kuskuren da ka gani a sama sau da yawa a ƙasa aka haife shi.

Mataki na biyu: cibiyar nauyi da faɗin tsayuwa

Kowane jiki yana da wani wuri da nauyinsa ya taru, shi ake kira cibiyar nauyi, in mutum yana tsaye sak wurin yana cikin ciki ɗan ƙasa da cibiya, kusan kashi 55 cikin ɗari na tsayinsa in aka auna daga ƙasa. Filin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu kuma shi ne gindin tsayuwarsa. Muddin cibiyar nauyi tana saman wannan filin mutum yana tsaye, da zarar ta fita waje sai faɗuwa ko ɗaga ƙafa a tare ta.

'Yan kokawa sun fi kowa sanin wannan ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Kalli gasar takobi ta Nijar, kalli irin su Issaka Issaka in sun shiga fili, ba za ka ga ɗan kokawa ya miƙe ƙafa a haɗe ba, sai ya buɗe ƙafa ya lanƙwasa gwiwa ya sauke ƙugu, kuma duk dabarar kayarwa ita ce ka fitar da cibiyar nauyin abokin karawarka waje da ƙafafunsa, ko ka ɗauke masa ƙafa ɗaya filin ya ƙanƙance.

Ga yadda za ka nuna wa yara cikin minti biyar. Haɗa su biyu-biyu. Ɗaya ya tsaya ƙafa a haɗe, ɗayan ya tura shi a kafaɗa a hankali, zai tafi. Ya buɗe ƙafa faɗin kafaɗa, a sake turawa. Sannan ya lanƙwasa gwiwa, a sake. Na ƙarshe, a tura shi ta gaba alhali ƙafafunsa a buɗe suke ta gefe, zai ga ya tafi baya duk da buɗewar, sai ka ce ya mayar da ƙafa ɗaya baya. Nan ne suke gane cewa ta inda ƙarfi zai zo ta nan ake faɗaɗa tsayuwa. Mai tsaron baya da zai tari ɗan gaba wannan tsayuwar yake buƙata, haka ɗan dambe da ke sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya.

Amma fa akwai ɗaya gefen. Wanda zai tashi da gudu ba kafuwa yake nema ba, so yake ya kusa faɗuwa ta gaba, shi ya sa 'yan tseren mita 100 suke duƙawa nauyinsu ya koma kan hannu kafin a harba bindiga. Gola ma in za a buga masa fenariti kar ya zauna kan dunduniya, ya tsaya kan gaban tafin ƙafa.

Mataki na uku: ƙasa ce ke tura ka

Dokar Newton ta uku ta ce duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai gwargwado ta ɗaya ɓangaren. Mutum ba ya iya ɗaga kansa da kansa, sai ya danna ƙasa ita kuma ta mayar masa. In kana son zuwa gaba ƙasa za ka tura baya, in sama kake so ka danna ta ƙasa. Shi ya sa gudu a cikin yashi ke gajiyarwa, kana turawa yashin yana gocewa, wani ɓangare na ƙarfinka ya tafi a banza, haka ma filin da aka yi ruwa ko takalmin da ƙasansa ya suɗe.

Kuskuren da na fi gani a gudun yara shi ne miƙa ƙafa can gaba don wai taku ya yi tsawo. Duba bidiyonka daga gefe, in dunduniya tana sauka nesa a gaban jiki gwiwa a miƙe, to kowane taku burki yake takawa, ƙasa tana tura shi baya kafin ta tura shi gaba. Gudu abu ne guda biyu a haɗe, tsawon taku da yawan taku. Usain Bolt da ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Balin a 2009 taku kusan 41 ya yi, amma tsawon takunsa daga tsayinsa da ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ya fito, ba daga miƙa ƙafa ba. Gyaran mai sauƙi ne, yaro ya jingina da bango da hannu biyu jikinsa a karkace kamar zai ture bangon, ya ɗaga gwiwa ɗaya ya sauke tafin ƙafar daidai ƙarƙashin ƙugunsa, yana canzawa, sau goma-goma. Daga nan ya yi gudun mita 10 kana ce masa "ture ƙasa baya". Hannu kuma ya tafi gaba da baya daga kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, kar ya dinga gilma ƙirji.

Mataki na huɗu: jiki bulala ne

Nan ne zan daɗe don nan ne maganar shot take, wato bugun ƙwallo mai ƙarfi. In ka riƙe bulala, hannunka ba wani gudu yake ba amma bakin bulalar har ƙara yake, saboda motsin ya taso daga wuri mai kauri ya bi ta zuwa siriri yana ƙara sauri. Jiki ma haka yake, manyan gaɓoɓi su ke farawa ƙanana su ƙarasa, kowace gaɓa tana karɓa daga ta bayanta a lokacin da waccan ta kai ƙarshen saurinta. Dubi mace mai daka, ba da hannu kaɗai take ɗaga taɓarya ba, gwiwa da ƙugu da baya duk suna ciki, shi ya sa take iya daɗewa tana yi. Ɗan dambe ma in ya kai duka da hannun da aka naɗe, daga ƙafar baya dukan ya taso, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, dunƙulen hannu shi ne na ƙarshe.

Toh a bugun ƙwallo ga yadda jerin yake. Yaro ya taho a ɗan karkace, ba a miƙe sak ta bayan ƙwallo ba, domin ƙugu ya samu wurin juyawa. Takun ƙarshe ya fi sauran tsawo. Ƙafar da zai tsaya a kai ta sauka a gefen ƙwallo, tazarar kamar faɗin tafin hannu zuwa taƙi ɗaya, yatsunta suna kallon inda ake so ƙwallo ta je, gwiwarta a ɗan lanƙwashe. A lokacin ƙafar bugu tana baya gwiwa a naɗe, hannun ɗaya gefen a buɗe. Sai ƙugu ya fara juyowa, cinya ta biyo gwiwa har yanzu a naɗe, sai a ƙarshe ƙwauri ya ɓalle kamar bakin bulala, idon sawu a ƙame yatsu suna kallon ƙasa, a daki tsakiyar ƙwallo da wurin igiyar takalmi, ƙafa ta ci gaba da tafiya bayan bugun kar a tsayar da ita.

Dalilin naɗe gwiwar yana da kyau ka sani. Ƙafa a miƙe doguwar sanda ce, juya ta yana da nauyi, in aka naɗe ta sai ta gajarce ta zo da sauri, a ƙarshe a miƙe ta don bakin ya yi nisa da ƙugu ya samu gudu. Gwada da kanka, kaɗa ƙafa a miƙe sannan ka kaɗa a naɗe za ka ji bambanci nan take.

Yanzu ka koma bidiyonka ka tsayar da shi daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo. In ƙwallo tana tashi sama kullum, duba ƙafar tsayuwa, kusan ko da yaushe za ka same ta a bayan ƙwallo, jikin ya kwanta baya, ƙafa ta shiga ta ƙarƙashi. In ba ta da ƙarfi, duba idon sawu ko yana lilo, ko kuma cinya da ƙwauri tare suke tahowa kamar icce ɗaya. In tana karkacewa gefe, duba inda yatsun ƙafar tsayuwa suka kalla. Nemi bidiyon ƙwallon da Sunday Oliseh ya ci Sifen a gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa, wasan da Najeriya ta ci 3 da 2, ka nuna wa yara a hankali su ga yadda jikinsa ya rufa kan ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa daga wajen da'ira.

Akwai wani yaro da na koyar, siriri ne sosai, 'yan uwansa suna ce masa ba shi da shot, shi ma har ya yarda ya daina bugawa sai dai ya ba da fasin ko yana gaban raga. Da na ɗauke shi a waya sai na ga ƙafarsa ta hagu tana sauka kusan taku guda a bayan ƙwallo. Na zana masa layi da tsinke a ƙasa a gefen ƙwallo na ce "nan za ka taka, kar ka damu da ƙarfi." Ya yi ta yi, ranar farko duk a takure yake. Bayan kamar sati biyu ya buga wata ta daki bangon aji da ƙara, ya tsaya yana kallon ƙafarsa, ya juyo ya ce "Malam wallahi ban ma sa ƙarfi ba." Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin nan sai in ji daɗi, don shekara nawa yaron nan ya yi yana ganin kansa rago alhali taku ɗaya ne ya raba shi da abin.

Jifa ma wannan jerin ne, ko jifan mashi ko na dalma (dunƙulen ƙarfe mai nauyi) ko gola mai jefa ƙwallo da hannu: taka da ƙafar da ke kishiyar hannun jifa, ƙugu, ƙirji, kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu. Yaron da ke jifa da hannu zalla shi ne ke zuwa yana kukan kafaɗa. Tsokar gaban dantse kusan santimita 4 zuwa 5 kacal take kamawa daga gwiwar hannu alhali tafin hannu yana can wajen santimita 30 ko fiye, kaga kenan kayan kilo 5 a hannu sai tsokar ta ja ninkinsa wajen sau bakwai. An gina hannu don sauri ne, ƙarfin yana cinya da ƙugu.

Mataki na biyar: koya musu sauka kafin tsalle

Wannan dan Allah kar ka tsallake shi. Je kasuwar 'Yan Lemo a Kano ko duk inda ake sauke kankana daga mota ka tsaya ka kalla, na sama ya jefo, na ƙasa ba ya ƙame hannu ya tare ta, yana karɓa yana bin ta da hannu zuwa ƙasa gwiwarsa tana lanƙwashewa. Da ya ƙame da ta fashe. Abin da yake yi shi ne tsawaita lokacin tsayar da ita, in lokacin ya yi tsawo ƙarfin dukan sai ya ragu. Gwiwar yaro ita ce kankanar. A gudu kawai kowane taku ƙafa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, saukowa daga tsalle kuma ya fi haka, mu kuma filayenmu ƙasa ce busasshiya mai tauri musamman da rani, wasu ma kan siminti suke yi.

Fara da benci ko bulo mai tsayin da bai kai gwiwa ba. Yaro ya tako ya sauko da ƙafa biyu, gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa sannan dunduniya, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe tare kamar zai zauna kan kujera, ya tsaya a haka ya ƙirga uku. Ce musu "wanda ban ji ƙarar saukarsa ba shi ya ci", za ka ga sun gyara da kansu. Kai kuma tsaya a gabansa ka zuba wa gwiwoyin ido. In suna faɗowa ciki suna neman haɗuwa, tsayar da shi, wannan shi ne yanayin da jijiyar cikin gwiwa ke tsinkewa, irin raunin da ke ajiye ɗan wasa wata shida zuwa shekara kuma galibi sai an yi aiki a asibiti, mai ɗori ba ya iya haɗa ta. Ya fi samun mata, don haka in kana koyar da 'yan mata ka ninka kula. Gwiwa ta bi saitin yatsan ƙafa na biyu. In ya iya da ƙafa biyu sai a koma ƙafa ɗaya, sannan tsalle gefe, sannan a haɗa da hedin. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki da ake kira 11+, na kamar minti 20, akwai irin waɗannan atisayen a ciki kuma kyauta yake a intanet.

Tarar ƙwallo da ƙirji ko da ƙafa ma dabarar mai kankana ce, ka janye wurin baya kaɗan lokacin da ta iso sai ta kwanta a gabanka.

Shi tsallen kansa, a duƙa da sauri a miƙe da sauri ba tare da an tsaya a ƙasa ba, tsoka da jijiya kamar danƙo suke, in ka ja ka saki nan take sun fi harbawa. Hannu biyu su tashi tare da jiki. Kuma da zarar ƙafa ta bar ƙasa shikenan, hanyar da cibiyar nauyi za ta bi ta riga ta tabbata, duk wutsil-wutsil a iska ba ya ƙara tsayi, sai dai a sake tsara jiki a kewayenta. Abin da Dick Fosbury ya yi kenan a wasan tsallake sandar da ake giciyawa a sama a Olamfik ta 1968 a Meziko, ya tsallake mita 2.24 da baya jikinsa a lanƙwashe kan sandar, ya ci zinare, yau kusan kowa haka yake tsallakewa. Amma kar ka gwada wa yara wannan sai da katifa mai kauri, a kan yashi wuya ake karyawa.

Mataki na shida: kusurwa da juyawar ƙwallo

A littafi za a ce maka digiri 45 ne ke kai jifa nesa, gaskiya ne in daga ƙasa abin ya tashi ya sauka a ƙasa kuma babu iska. A fili ba haka take ba. Masu jifan dalma ƙasa da 45 suke saki tunda daga saman kafaɗa take fita, masu dogon tsalle kuma wajen digiri 20 suke tashi don in suka nemi sama da yawa gudun ya zube. Chioma Ajunwa da ta ci wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996 da mita 7.12 'yar tsere ce mai gudun gaske, gudun shi ne jarin. Saboda haka in yaro yana son nisa a dogon tsalle fara gyara masa gudu da ƙirgen taku zuwa katakon da ake takawa a tashi.

Lanƙwasa firikik kuma daga juyawa take zuwa. In ka daki ƙwallo a gefe da cikin ƙafa sai ta tafi tana juyawa, iskar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan matsa mata, sai ta karkata. Wani Bajamushe Magnus ne ya yi bayaninsa a 1852, shahararriyar firikik ɗin Roberto Carlos a ragar Faransa a 1997 ita ce misalin da kowa ya sani, shi da wajen ƙafar hagu ya buga. Zana ɗigo da alli a gefen ƙwallo ƙasa da tsakiya kaɗan, yaro ya dinga neman ɗigon.

Mataki na bakwai: yadda za ka faɗa masa

Za ka kalli bidiyo ka ga kuskure biyar, zaɓi ɗaya, wanda ya fi kusa da ƙasa, sauran ka riƙe a ranka don sau da yawa in ka gyara ƙafar tsayuwa biyu daga ciki suna gyaruwa da kansu. Kar ka ce masa "juya ƙugunka digiri kaza", ba shi abin da zai gani ko ya ji: taka layin nan, ture ƙasa, sauka shiru, nemi ɗigon. A fara a hankali ba gola ba abokin hamayya, in ya zauna a ƙara sauri, sannan a sa shi cikin wasa. Yi wannan a farkon tirenin bayan an ɗumama jiki, minti 10 zuwa 15, kafin gajiya ta shigo don jiki in ya gaji tsohon hali yake komawa. In yaro ya ce gaɓa tana masa zafi, musamman ƙasan ƙoƙon gwiwa ko dunduniya a shekarun da yake tsawo da sauri, a dakata a duba shi, kar a ce ya daure.

Ajiye bidiyon ranar farko kar ka goge. Bayan sati uku ka ɗora wayar kan bulon nan a wuri ɗaya, tsayi ɗaya, ka sake ɗauka, ka kira shi ku kalli biyun tare, ka bar shi ya fara faɗin abin da ya gani ya canza kafin kai ka yi magana, daga nan sai ku ɗauki kuskure na biyu.